Daga Gindin Ɗorawa

Ranar Laraba da hantsi Tabita ta sauka daga motar Tungan Magajiya rungume da rikoda, ta naɗe ta cikin tsohon zane kamar mai kai jariri asibiti. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Shagon Malam Haliru mai gyaran rediyo yana nan bayan tashar Kontagora inda yake tun shekara talatin da wani abu, sai dai yanzu masu harkar waya sun matse shi dama da hagu, har mutum sai ya karkace kafin ya shiga.

Haliru bai gane ta ba sai da ta yi magana. Yanar ido ta rufe masa na hagu tun bara, na daman ma sai da gilashi mai kauri, kuma ba ya son a sani.

"Ina kwana, Malam. Ni ce matar Filibus."

"Filibus na Tungan Magajiya? Ikon Allah. Maman Rose, ke ce? Shigo ki zauna. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam."

Ta kwance zanen. Hannunsa ne ya fara gane rikodar kafin idonsa. 'Yar Japan ce mai baki biyu, baƙa, mai hannun ɗauka, kuma shi da kansa ya sayar wa Filibus ita shekarar da Filibus ya sayar da bijiminsa ya shigo gari yana ta fara'a. Shekara biyu ke nan da rasuwar mutumin, ga rikodarsa ta dawo inda ta fito, tsatsa ta ci ta.

"Ina so ta yi magana kafin Laraba mai zuwa," in ji Tabita.

Ta zaro kaset daga ɗaurin zanenta, ta riƙe da hannu biyu, ba ta miƙa ba. Sannan ta faɗa masa abin da ke tafe da ita, da Hausarta mai gardin Dukanci, a hankali, kamar wadda ta sha maimaita maganar a ranta. Gonar da take nomawa, wadda ita da Filibus suka sare dajinta da hannunsu, Sunday ɗan wan mijinta ya ce ta gandu ce, ba ta Filibus ba, tunda Filibus bai bar ɗa namiji ba sai ta koma hannun maza. Amma tsohon, mahaifin su Filibus, ya ba ɗansa gonar kyauta tun yana raye, shi da matarsa da abin da suka haifa, a gaban shaidu uku. Babu mai rubutu a wurin a ranar, sai Filibus ya ajiye rikodarsa a tsakiyar tabarma ya danna. Tsohon ya faɗi kyautar, ya zana iyaka da bakinsa. Yau tsohon ya mutu, shaidun uku sun mutu, Filibus ya mutu. Mai gari ya ce ranar Laraba da safe ta kawo muryar tsohon dattawa su ji, in sun ji magana ta ƙare, in ba su ji ba kuma ita ma ta san sauran.

"In gonar nan ta tafi, Malam, ban san inda zan sa ƙafata ba. Rose tana gidan miji a Minna, ɗaki ɗaya suke da yara huɗu."

Haliru ya ɗaga kaset ɗin wajen hasken ƙofa. Zaren bai yi fumfuna ba, bai lanƙwashe ba. A kwalla ta ajiye shi tare da takardar baftismar Rose, shekara ashirin. Ya ga zaren bai yi nisa da farko ba.

"Nan ta tsaya," in ji ta. "Muna saurare rannan, Baba ya gama gaisuwa ya shiga maganar gona ke nan, sai ta yi ƙus. Filibus ya ce zai kawo maka, yau ne gobe ne, har ya tafi."

Ya kwance bayan rikodar. Bel ɗin da ke juya kaset ya narke ya zama kamar kwalta, amma wannan wasa ne, ko daga tsohon tib na keke zai yanka wani. Abin da ya sa jikinsa ya yi sanyi shi ne hed, ɗan ƙarfen nan da zare ke gogawa a fuskarsa murya ta fito. Tsatsa ta cinye shi, farantin da yake zaune a kai kuma ya tsage gida biyu. Wannan ba a yanka shi daga tib. Sai an samo wata rikodar irinta an ciro.

Da mai hankali ne da ya ce mata zai gwada. Amma Haliru mutum ne da ya shekara arba'in ana ce masa hannunsa na da albarka, kuma ya daɗe bai ji wani ya ce yana bukatarsa ba. Ya ce, "Ki dawo ranar Talata, Maman Rose. In Allah ya yarda za ki ji muryar surukinki." Ta mayar da kaset ɗinta cikin ɗaurin zane ta tafi da shi, ta bar masa rikodar.

Samuel, maƙwabcinsa mai tura waƙoƙi a waya, magidanci ne mai son shiga abin da ba a sa shi ba, amma zuciyarsa fara ce. Ya leƙo ya ce, "Baba, me ya sa za ka wahalar da kanka? A nemo wata mai aiki kawai, a kunna, in ɗauka a waya."

"To nemo mana."

Samuel ya fita da ƙarfinsa, ya dawo la'asar a sanyaye. Ya zagaye tasha kaf. Direbobi duk sun ɓalle na kaset sun sa mai memori. Mota ɗaya ce tak ya samu da nata a jiki, mai ita kuma ya ce kaset na ƙarshe da ta haɗiye tun zamanin soja har yau ba ta tofo shi ba. Ya je coci biyu, ya je wurin masu haya lasifika na biki. Kowa sai ya yi dariya tukuna, sannan ya ce ai da akwai, an zubar.

Alhamis Haliru ya rufe shago ya shiga kasuwa, layin masu kayan lantarki. Mutanen da ya koya wa riƙe dalma da hannunsa, yau su ne masu manyan shaguna, suna ce masa Baba, suna ba shi kujera, suna kallonsa da tausayi irin na wanda ya zo cigiyar akuyar da ta ɓata bara waccan. Wani ya buga Kaduna, wani ya buga Onitsha. Na Onitshan ya ce a sake faɗa masa sunan abin, da aka sake faɗa sai ya tambaya ko gidan tarihi ne ke nema. Kamfanin ma, in ji shi, ya daina yin ta tun kafin a haifi ɗansa na fari.

Abin da ya fi ci wa Haliru rai shi ne da bakinsa ya jawo rabin wannan wahalar. Shekara shida da suka wuce yana da irin wannan rikodar matattu sun fi goma a ƙarƙashin benci, ya kira 'yan gwangwan suka kwashe don ya sami wurin shimfiɗa buzun salla. Kaset kuwa kwali uku ya rabar. Manoma ne ke zuwa roƙo, su zare zaren su ɗaura a kan dawa da shinkafa, iska na kaɗa shi yana walƙiya yana kuka, tsuntsaye su gudu. Duk kaset ɗin ƙasar nan can ya ƙare. Wa'azi, waƙar biki, saƙon ɗa daga Legas zuwa ga uwarsa, duk sun tafi korar jan-baki. A lokacin dariya abin yake ba shi.

Juma'a bayan masallaci wani ya ce masa akwai irinta a gidan marigayi Malam Abdulaziz, tsohon akawun En'e. Ya hau kabu-kabu ya je. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, aka kawo ruwa, aka shiga aka fito, sannan babban ɗan gidan ya ce wallahi da ya zo kafin azumi da ya same ta, an share ɗakin tsohon an ba masu gwangwan komai. Asabar ya tafi har Bangi, don an ce akwai wani tsohon mai gyara da ba ya zubar da ko noti. Ya sha hanya, ƙugunsa kamar zai ɓalle, ya tarar mutumin ya rasu wata huɗu da suka wuce, shagon ana sayar da taliya a ciki. Ya tsaya a bakin shagon har mai taliyar ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne.

Ya dawo gida bai iya cin tuwo ba. Baƙin ciki ne sosai ya kama shi, ba na Tabita kaɗai ba. Duk inda ya je neman abin nan gawa yake tararwa, ko ta mutum ko ta sana'a, kuma ya fara gane cewa shi ma cikin lissafin yake.

Wuri ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda ba ya son zuwa: filin Maikuɗi, uban 'yan gwangwan na bakin gari, wanda ya kwashe masa matattun rikodinsa da murna. Lahadi ya je, Litinin ya koma. Tudun ƙarfe ne ya fi ɗaki tsawo, ruwan damina ya jiƙa shi, ga tsofaffin fanka, ga ƙafar keken ɗinki, ga murfin tukunya. Dattijo mai shekara sittin da bakwai ya tattare riga yana tono da hannu, gwangwani ya yanke shi a tafi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Maikuɗi yana zaune kan tsohon firij yana sakace. "Malam, da ka faɗa mini za ka dawo nemansu da na yi musu ɗaki da fanka," in ji shi. "Ai rediyo ba ya kwana uku a nan. Mu fasa, mu cire jan waya, sauran a loda wa tirela."

"Ka bar ni da abin da ya dame ni, Maikuɗi."

"Allah ya ba ka haƙuri. Gobe da sassafe akwai kaya daga ƙauyukan Rijau. Ka zo kafin yarana su sa guduma."

Talata tun rana ba ta yi zafi ba yana wurin. Aka zazzage buhuna, sai ga ta ta gangaro: baƙa, mai baki biyu, mai hannun ɗauka, fuskarta sak ta Filibus. An riga an ɓalle bayanta an yagi wayoyin ciki tun a ƙauye, amma da ya danna murfin kaset ya shafa da ɗan yatsa, sai ya ji hed sumul kamar ba a taɓa aiki da shi ba. Farantin ma lafiya lau. Haliru ya ce alhamdu lillahi har sau uku, idonsa mai ganin ya kawo ruwa. Ya tambayi Maikuɗi ko akwai kaset ko guda ɗaya a cikin kayan, kowane iri, na gwaji. Aka tona aka samo ƙwarya biyu, duk babu zare a ciki, don dawa ta fitar da kai, lokacin tsuntsu ne.

Da ya ɗauki rikodar sai ya ji ta ɗan fi ta Filibus rashin nauyi. Ya ce a ransa ai don an yashe cikinta ne.

Kafin azahar ya ciro farantin ya ɗora a rikodar Filibus. Ramukan noti sun ɗan saɓa, ya gyara da ƙusa mai zafi. A kan farantin nan hed biyu ne. Babban shi ke karanta murya. Ƙaramin, wanda zare ke fara bi ta kansa, aikinsa gogewa ne in za a yi sabon ɗauka. A irin wannan rikodar, wadda Haliru ya buɗe ta fi sau ɗari, ƙaramin yana manne da zare kullum amma ba ya komai sai an danna jan maɓalli wuta ta shige shi ta wayoyi biyu. Na wannan farantin ya same shi yana lilo a kan wani ɗan hannu, sifirin ɗinsa ya ruɓe, kuma babu waya a jikinsa. Bai yi mamaki ba, 'yan gwangwan ba sa barin jan waya ko ta kai gashin gira. Ya tura shi gaba inda ya saba ganinsa, ya ɗaure da noti tamau.

"Ka gani," ya ce wa Samuel, yana jin daɗin kansa. "Mai gogewar ban ba shi wuta ba sam. Jan maɓallin ma na cire shi na sa a aljihu. Ko jaki ya taka rikodar nan ba za ta goge komai ba."

Tabita ta iso bayan azahar, ta zauna a kan benci da kaset a cinya. Haliru ya sa sababbin batira, ya danna, ƙarafunan suka juya lafiya, lasifika ta yi shuu. Saura gwaji. Dokarsa ce tun yana saurayi, ba ya fara sa kaset ɗin mai kaya a injin da ya gama gyarawa, sai ya gwada da nasa. Ya aika Samuel ya sake zagayawa, Samuel ya dawo hannu rabbana. La'asar ta gabato, motar ƙarshe ta Tungan Magajiya ta fara lodi, ɗan kamasho yana ta kira. Tabita kuwa sai duban ƙofa take yi tana duban rikodar.

"Kawo, Maman Rose," in ji shi.

Bai mayar da zaren farko ba, don tsohon zare ba ya son a fizge shi da gudu. Ya sa shi a inda ya tsaya shekara ashirin. Samuel ya kara wayarsa a bakin lasifika ya fara ɗauka. Haliru ya yi bisimilla ya danna.

Murya ta fito, ta tsoho, mai kauri, tar kamar yana cikin shagon: "Daga gin..."

Sai shuu.

Tabita ta dafe ƙirji. "Shi ne. Baba ne. Daga gindin ɗorawa zai ce."

"Kwantar da hankalinki, ai tunda ta fara ta gama," in ji Haliru. "Saiti ne."

Duk mai gyara ya san sabon hed sai an saita shi, kuma ba a saita shi a tsaye. Sai kaset yana tafiya, kana murɗa ɗan notin gefensa kana saurare har murya ta washe. Ya sa siririn sukundireba ya murɗa dama. Shuu. Ya murɗa hagu. Shuu. Ya ƙara murya, ya taɓa wayoyin da ya yi wa dalma ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa lasifika, ya koma kan notin. Zufa ta karyo masa. Kaset yana ta juyawa a hankali, Samuel yana riƙe da waya har hannunsa ya gaji ya sauya, ɗan kamasho yana kiran saura mutum biyu. Ya fi minti biyar yana wannan fama.

Ana cikin haka bakin sukundireban ya zame daga kan notin, sai ya ji wani abu ya ja shi ya manne, ɗaf. Ya janye, ya sake kusantarwa. Ya sake mannewa a jikin ƙaramin hed.

Mayen ƙarfe ne. Haliru ya san irinsa, a cikin rikodin jabu ake sa shi, masu fuskar 'yar Japan da cikin banza. Ba a yage masa waya ba, ba a taɓa yi masa ita ba, don ba ya bukatar wuta. Sifirin ɗin nan da ya ruɓe shi ke janye shi daga zare, shi kuwa ya tura shi gaba ya ɗaure da hannunsa. Duk zaren da ya wuce ta kansa ya goge shi tas kafin ya kai ga mai karatu. Ɗan guntun da ya riga ya wuce shi tun farko, wanda bai kai tsawon yatsa ba, shi ne abin da suka ji.

Ya kashe. Sannan ya kwance notin, ya ciro abin, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, ya ajiye shi nesa. Ya sake dannawa, ko Allah zai sa da saura.

Muryar tsohon ta dawo, tar: "...to, kun dai ji da kunnenku. Allah ya ba mu alheri." Maza uku suka amsa da amin. Aka ji dariyar Filibus kusa da rikodar, sannan ƙarar maɓalli.

"Ta gyaru," in ji Tabita, fuskarta ta washe. "Mayar da shi baya, Malam, mu ji daga farko."

Ya sa biro a ramin kaset ya juya da hannu har farko. Tsohon ya gaishe da shaidu ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tambayi ruwa, ya tambayi masu jiki, ya yi tari, ya ce yau ya tara su ne a kan maganar gona. Ya ce "daga gin...", daga nan sai shuu.

Tabita ta saurari shirun nan kusan minti guda. Ta ce a hankali, "Laifina ne. Na bar shi ya daɗe a kwalla, damina ashirin. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Malam, Allah ya saka."

Ga ƙofa ta buɗe masa, ba wanda zai taɓa sani, Samuel ma bai gane ba. Amma Haliru ya ɗauko ɗan ƙarfen nan da ya ajiye. Ya ce, "Ba kwalla ba ce, Maman Rose. Maganar tana nan lafiya har kika shigo shagon nan. Ni na goge ta yanzu, kina zaune, da wannan." Ya nuna mata ɗan ƙarfen. "Idona bai gani ba, kuma ban gwada ba."

Ta dubi abin, ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ba a dawo da ita?"

"Ba a dawowa."

Ta naɗe rikodar a zanenta, ta fita ta kama motar.

Washegari da asuba Haliru ya shiga motar farko ya bi ta, ba don an kira shi ba. A ƙofar gidan mai gari aka yi shimfiɗa, dattawa bakwai, Sunday yana gefe da hula a gwiwa. Tabita ta ajiye rikodar a tsakiya ta danna. Da tsohon ya fara gaisuwa wasu suka sunkuyar da kai, wani ya share ido, Sunday kansa ya ce, "Kaka ne." Sannan shirun ya zo, dattawan nan suka zauna suka saurare shi tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya yi tari, har aka kai ga amin.

Haliru ya nemi izini ya miƙe. Ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya kunna musu abin da wayar Samuel ta kama, wanda ya sa aka tura masa a tasa wayar.

"Malam, mun ji, kuma mun yaba da gaskiyarka," in ji mai gari. "Amma kai da kunnenka, ka ji ya ce ya ba Filibus?"

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"Ka ji iyaka?"

"Abin da kuka ji shi na ji."

Aka yi shawara da Dukanci, ba ta ɗauki lokaci ba. Tsoho ya yi maganar gona, wannan kowa ya ji, amma ba a san me ya ce ba. Gona ta koma gandu. Dawar da ke ciki ta Tabita ce, ta girbe abinta, daga nan Sunday ya shiga.

Mutane suka watse. Haliru ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ga Tabita ta ciro kaset ɗin ta bar rikodar jingine da bango ta kama hanyar bayan gari. Ya bi ta daga nesa, yana tuntuɓe a kunyoyi. Gonar ba ta da nisa. Dawa ta yi kyau bana, kawunan sun yi nauyi sun sunkuya, tsuntsaye kuwa sun sauka a kanta kamar an gayyace su.

Ta tsaya a gindin wata babbar ɗorawa, ta sa farce ta zaro zaren.

"Maman Rose, akwai muryar Filibus a ciki," in ji shi.

"Na sani. Riƙe mini nan."

Ya riƙe ƙwaryar kaset ɗin. Ta ɗaura bakin zaren a reshe, ta fara tafiya da baya tana ja, tana maƙala shi a kan karan dawa, ƙwaryar tana juyawa a hannunsa. Tana tafe tana magana, ba da shi ba, da irin kaurin muryar tsohon: daga gindin ɗorawa zuwa jan suri, daga jan suri a miƙe zuwa dutsen da ya tsage, daga dutsen a gangara rafi, duk na Filibus ne da matarsa da abin da suka haifa. Ba ta yi tuntuɓen kalma ɗaya ba. Iska ta taso, zaren ya fara walƙiya yana kuka, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suka koma ɗaya gefen gonar.

Ta wuce surin da kaɗan zaren ya ƙare, ya fizge daga ƙwaryar. Ta ɗaure bakinsa a kara, ta tsaya tana duban sauran gonar har rafi.

"Malam," ta ce, "ba ka da wani kaset ɗin a shago? Wannan bai kai ba."

"Babu," in ji Haliru.

Ta gyaɗa kai, ta tsinci dutse ta jefi tsuntsayen.